Gwaggo da Tsofaffin da Suka Manta Hanyar Gida

Na Allah ne mu, kuma wurinsa kowa zai tattara ya koma. Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta rasu wata Talata da hantsi a ɗakinta da ke bayan kasuwar kifi ta Malanville, bayan jinyar da ba ta cika sati biyu ba. Kafin la'asar an kai ta makwancinta.

Na zaci zaman makokin na dangi ne da 'yan kasuwa. Haka kuwa ya fara. Matan banda suka rufe rumfunansu suka zo da warin hayaƙi a zannuwansu. 'Yarta ɗaya tilo da ke aure a Gaya ta ƙetaro gulbi a jirgi tare da dangin mijinta. Amma daga kwana na biyu sai babura suka fara tsayawa a ƙofar gida, daga Guéné, daga Madécali, daga Toumboutou, kusan kowane da tsoho ko tsohuwa a tsakiya, mai tuƙi a gaba, wata mace a baya ta rungume su kada su faɗi. Baƙin Gaya suna ta tambaya ko waɗannan ma dangi ne. A rana ta uku wata likita daga wata cibiyar jami'a da ke kudu ta iso bayan tafiyar kusan yini a mota. Aka kawo mata kujera ta ƙi, ta zauna a tabarma cikin mata tana share hawaye da gefen ɗankwali.

A ranar na shiga tsakar gida ɗauko buta, na tarar da wani tsoho, wanda a da dillalin albasa ne, zaune ƙarƙashin rumfar da ya saba zama. 'Yarsa ta kawo shi ta shiga ɗaki gaisuwa. Ya duba hagu da dama ya ce, "Ina uwar gidan? Ba ta hito ta gaishe ni ba."

Wata baƙuwa da ba ta san halin da yake ciki ba ta ce, "Ai ita ce ta rasu, Baba."

Ya ɗora hannu a ka ya fashe da kuka. Aka lallashe shi ya yi shiru. Ba a jima ba ya sake tambaya, aka sake gaya masa, ya sake yin kukan kamar yanzu ya fara ji. Da ya tambaya karo na uku, maiɗakina ta aje ƙwaryar da ke hannunta ta durƙusa gabansa.

"Ta tahi gulbi sayen kihi, Baba. Ta ce a ba ka hura ka sha kahin ta dawo."

Ya ce, "To, madalla," ya karɓa ya sha, har yana karkaɗa ƙafa. Maiɗakina ta juya wurin baƙuwar ta ce a hankali, "Ki yi haƙuri. Sau biyu ta mutu mai yau, ya isa."

Ba ita ta ƙirƙiro wannan ba, a wurin Gwaggo ta koya. A nan tsaye da buta a hannu na ƙudurta zan rubuta abin da na sani game da matar nan, domin yawancin waɗanda ta yi wa hidima ba za su iya tuna ta ba.

Gajeruwa ce, mai muryar da ake ji daga bakin titi. Shekara kusan hamsin ta yi tana banda, har tafin hannunta ya daina jin zafin wuta. Da yatsa take juya tarwaɗa a kan waya. Ba ta taɓa shiga lakkol ba, wato makarantar boko. Tana ciniki da Dandanci, tana hira da Hausa, in ranta ya ɓaci ta haɗa da Zabarmanci. Ni kuwa tun da na zama malamin makaranta a Guéné ba ta ƙara kiran sunana ba, sai "Mushe", yadda ake kiran malamin boko da Faransanci, kuma yadda take jan kalmar kaɗai ya isa in gane ko yabo ne ko ba'a. In aka ce mata wane ba shi da lafiya, ba ta tambayar abin da ke damunsa. Tambayarta ta farko kullum ita ce, "Mi yac ci yau?"

Mahaifina masunci ne, daga baya ya koma noman shinkafa a fadama. Bayan rasuwar mahaifiyata ya dawo wurina da zama. Abin ya fara kaɗan-kaɗan. Ya yi sallar azahar, ya tashi ya sake alwala ya sake yin ta. Ya aje hularsa cikin tukunya, ya ce surukarsa ta sace. Muka ce gigin tsufa ne, muna dariya a ɓoye. Rannan da safe ya fita, aka neme shi aka rasa. A lokacin gadar da ke tsakaninmu da Gaya a buɗe take, ma'aikatan duwan, wato kwastan, sun san shi, ba wanda ya tare shi. Sai bayan la'asar jandarma biyu suka kawo shi daga Gaya, ƙafafunsa duk sun fashe. Gidan mahaifiyarsa yake nema, wadda ta rasu tun ban shiga lakkol ba.

Unguwa ta ɗauka. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce mutanen ruwa ne suka zo karɓar abin da ya yi musu alkawari yana saurayi. Ni dai kunya ta kama ni, ba zan ɓoye ba. Ina koya wa 'ya'yan mutane, ga ubana yana yawo ba takalmi. Na sayo kwaɗo na sa a ƙofar ɗakinsa. Ana miƙa masa abinci, ana fitar da shi bayan gida, ana mayar da shi. Kwana uku yana buga ƙofa yana kiran mutanen da suka daɗe a ƙasa.

A rana ta huɗu Gwaggo ta shigo da tiren kifi a ka. Ta ji bugun, ta dubi kwaɗon, ta dube ni.

"Mushe, ba ni makulli."

Na ce, "Gwaggo, ba ki ga yadda anka kawo shi ba. In yah haɗa gulbi hwa?"

"Ba ni makulli nic ce."

Na ce gidana ne, ni ke da alhakinsa. Maganar da har gobe nake jin nauyinta ke nan. Ta sauke tiren, ta ɗauko taɓaryar maiɗakina, ta doki kwaɗon sau uku har marfin ya tsage. Sannan ta juyo tana haki ta ce, "Gidanka na. Amma wanga da ke ciki wana na, tun ba a haihe ka ba."

Washegari ta zo da tabarmarta da ƙullin kayanta. Ta bar wa wata maƙwabciya bandar safe. Kullum bayan karin kumallo sai ta ce, "Yaya, tashi mu tahi," su kama hanya. Duk inda ya nufa ta bi shi, ba ta ja ba, ba ta hana ba, sai dai ta karkata shi da hira har su ɓulla bakin gulbi. Can zai zauna yana kallon jirage har rana ta yi zafi, ya gaji, su dawo ya yi barci. Bai ƙara ɓata ba. Ni kuwa wata guda ba ta yi mini magana ba. Muna tsakar gida ɗaya za ta ce wa maiɗakina, "Gaya wa mijinki sabulun Yaya ya ƙare."

Ya fara kiranta Inna, ita kuma tana amsawa. Wani malami maƙwabcinmu ya ja ta gefe ya ce wannan ƙarya ce, a riƙa gaya masa gaskiya. Ta ce, "Malam, in nic ce mai Inna ta mutu, yau shi yi makoki, gobe ma shi yi, jibi ma. Ka bar min wanga zunubi, ni ɗauka." Malamin bai sake tayar da maganar ba.

Abin da ya shirya mu ba daɗi gare shi. Na dawo daga Guéné wata Juma'a da rigar aiki da jaka, na shiga gaishe shi. Ya zabura ya maƙale a bango yana ihu wai ɗan duwan ya zo ƙwace masa taru. Na fita bayan ɗaki na zauna a kan turmi, ina kuka kamar yaro. Sai ga ta tsaye a kaina.

"To, shi bai san ka ba. Kai ma ba ka san shi ba?"

Ta ce in tuɓe rigar nan, in sa tsohuwa, in ɗauko yagaggen tarun da ke rataye a zaure, in zauna kusa da shi ina gyara, kada in ce masa ni wane ne. Na yi. Ya daɗe yana kallon hannuna, can ya ce, "Ba haka aka ɗaurin ba, samari. Kawo." Ya karɓa ya nuna mini, kamar yadda ya taɓa nuna mini ina ɗan shekara bakwai. Shekara biyu muka yi muna gyaran tarun nan. In ya kusa ƙarewa Gwaggo ta sake yaga shi.

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta gaya mana cewa akwai mutanen wata cibiya ta jami'a daga kudu, masu binciken ciwon mantuwa, kuma za su riƙa zuwa asibitin garin lokaci-lokaci suna duba tsofaffi. Ni na yi jinkiri, Gwaggo ta ce ko ba ni za ta kai shi. Muka je mu uku, ni ne tafinta, domin likitar, wata matashiya 'yar kudu, Faransanci kaɗai muka haɗa da ita.

Ta fara tambayoyinta daga takarda. Yau nawa ga wata? Wace shekara muke? Ta miƙa masa alƙalami ya zana fuskar agogo. Mahaifina, wanda bai taɓa ɗaura agogo ba, ya sunkuyar da kai yana juya alƙalamin, gumi na tsattsafo masa. Gwaggo ta buga cinya.

"Mushe, gaya mata ni ma ban san nawa ga watan nasara ba, kuma lahiyata lau. Gaya mata in haka taka auna hankali, rabin kasuwa ba su da shi. Ba mu kawo shi nan don a kunyata shi ba."

Na juya na ce wa likita, cikin ladabi, Gwaggo na ganin tambayoyin sun ɗan yi wuya.

Gwaggo ta harare ni. "Abin da nic ce ya hi haka tsawo."

Dole na faɗa duka. Likitar ta aje takardar ta ce, to me ya kamata ta tambaye shi? Gwaggo ta matsa kusa da shi ta ce, "Yaya, baƙuwa ba ta san kihin gulbinmu ba. Gaya mata." Ya ɗago kai. Giwan ruwa, tarwaɗa, karfasa, kurungu, ragon ruwa, gargaza. Ya faɗi wanda ke hawa in ruwa ya cika, da wanda ke ɓuya a laka, da wanda ƙayarsa ke da dafi. Likitar tana ta rubutu. Da ta ce ya maimaita abubuwa uku da aka faɗa masa ɗazu, bai tuna ko ɗaya ba.

Bayan an gama dube-dube ta yi mana bayani. Ciwo ne a ƙwaƙwalwa, ba sammu ba, ba mutanen ruwa ba, kuma ba laifin kowa ba ne. Gwaggo ta ce a tambaye ta ko ana warkewa. Likitar ta dube ta ido cikin ido ta ce a'a, sai dai a sauƙaƙa masa, a sauƙaƙa wa masu kula da shi. Na ji tsoron abin da Gwaggo za ta ce. Sai ta gyaɗa kai ta ce, "Wagga ɗiya ta san aikinta. Duk inda munka je cewa suka yi za su warkar da shi."

Daga nan suka ƙulla. Duk zuwan mutanen cibiyar, sai likitar ta biyo gida da takardunta, mu zauna mu uku, ita da Gwaggo da ni, suna sake tambayoyin ɗaya bayan ɗaya. Maimakon kwanan wata, a tambayi ranar kasuwa. Maimakon agogo, a tambayi wace salla aka yi, wace ke tafe. Har jami'ar aka taɓa gayyatar Gwaggo. Ta tafi da kifin banda ƙunshe a takarda, ta raba wa ɗalibai kafin ta yarda ta yi magana. Da ta dawo na tambaye ta abin da ta gaya musu, ta ce, "Na ce su riƙa gaida tsoho kahin su buɗe littahi."

Mahaifina ya rasu a hannunta, a shekara ta biyar da fara ciwon. Na ɗauka za ta huta. Sai ta koma gidanta ta sa aka kafa rumfa a tsakar gida, ta aika wa duk gidan da ta ji akwai irin wannan tsohon cewa su zo duk Alhamis ɗin farkon wata. Ana dama fura, tsofaffi na gefe, masu jinya na gefe suna faɗin abin da ba su iya faɗa a gidajensu: wadda surukinta ke zaginta a gaban baƙi, wadda ta yi wata uku ba ta je kasuwa ba, wanda ya taɓa ɗaga wa uwarsa hannu yana ta kuka yana faɗa. In mutanen cibiya na gari, su zo su zauna su saurara, su duba wanda ke buƙata. Gwaggo takan ce mai jinya ma majinyaci ne, ba a dai shimfiɗa masa tabarma. Sau da yawa takan je gidan wata ta ce, "Tashi ki tahi sunan nan, ki yi kitso, ki dawo da marece. Ni zauna da shi." Ta yini tana amsa sunan da ba nata ba.

Ba zan ce ba ta da aibu ba, za ta ma yi mini faɗa in na ce haka. Bakinta ya fi hannunta zafi. Wata Alhamis wani magidanci daga Madécali ya kawo mahaifiyarsa karo na farko. Da aka zaunar da ita zanenta ya ja, aka ga shatin igiya a idon sawunta. Gwaggo ta miƙe a gaban kowa ta wanke shi tas, da Hausa da Dandanci, ta ce ko akuya ba a ɗaure ta haka. Ya ɗauki uwarsa ya ɗora a babur ya tafi.

Likitar, wadda zuwa lokacin ta iya Hausa gwargwado, ta ce, "Gwaggo, kin faɗi gaskiya. Amma yanzu ina tsohuwar?" Ni ma na yi ƙarfin hali na ce ai ni na sa wa ubana kwaɗo, ba don ba na son sa ba. Ta ce mu duka mu fitar mata daga gida.

Kwana biyu ba ta fita kasuwa ba. A na uku da sassafe ta zo ƙofar gidana da mayafi ta ce in tayar da babur. Damina ce, hanyar Madécali duk caɓi, sau biyu muna sauka muna turawa. Muka sami mutumin a gona. Ashe matarsa ta rasu, shi kaɗai ke noma, shi ke dafawa, gidan kuma bai fi taku ɗari da ruwa ba. An taɓa tsamo tsohuwar daga ciki da ƙyar. Igiyar da yake ɗaura mata doguwa ce, ta isa inuwa, ta isa randa, ba ta isa ruwa ba.

Gwaggo, wadda a haife ta haife shi, ta durƙusa a kan kunyar gona cikin laka ta ce, "Ɗana, na yi maka ba daidai ba. Ban tambaya ba nib buɗe baki. Ka yahe min." Mutumin ya rikice yana ta cewa ta tashi don Allah. Ba mu bar ƙauyen ba sai da ta zaga gida huɗu na maƙwabta, ta sa matan suka raba kwanakin sati a tsakaninsu. Aka kwance igiyar. Mutumin nan yana cikin waɗanda suka ɗauki makararta.

Ta sha gaya mini abin da take tsoro ɗaya ne, kada ciwon wanta ya same ta. Duk shekara takan sa likitar ta yi mata tambayoyin, tambayoyin da ita ta taimaka aka tsara, ta amsa tana ba'a amma idonta na kan alƙalamin. Allah bai jarrabe ta da shi ba. Ƙirji ne ya kama ta, hayaƙin shekaru hamsin, kuma hankalinta bai gusa ba ko na minti ɗaya.

Ranar Litinin bayan la'asar ta sa aka kira ni. Na same ta jingine da matashi, numfashi na yi mata wuya. Ta ce in ɗauko takarda. Na zaci wasiyya ce ta gado. Sai ta ce, "Su goma sha bakwai na. Rubuta."

Ta fara, gida-gida. Tsohon Guéné ba ya shan fura in an sa sukari, kuma kada a zo masa ta baya. Tsohuwar bayan tasha tana tsoron ƙarar babur, a kashe inji tun daga nesa. Wanda ya yi tuƙin jirgi, a gaishe shi da "ya ruwa?", in ba haka ba ba zai amsa ba. Wata ba ta yarda a yi mata wanka sai an ce mata ranar suna ce. Wata kuma ba ita ce abin dubawa ba, surukarta ce, tana da ciki kuma ba ta faɗa wa kowa ta gaji. Tana faɗa tana tsayawa, ina jira, tana ci gaba. In na gajarta sai ta ce, "Karanta min," ta gyara.

Da muka kai na tara ta rufe ido. Na ɗauka barci ne, na fara naɗe takardar. Ta buɗe ido ta ce, "Mushe, ka zo da wuri gobe. Saura takwas."

Na zo da wuri. Na tarar ta riga ta daina magana, kafin hantsi ya ɗaga ta cika.

Takwas ɗin nan yanzu ni nake bin su, duk Asabar gida ɗaya, ina zama ina tambaya ina rubutawa. Abin da ta sani a ka, ni sai na yini ban samo rabinsa ba. Na gama biyar.

Ya Allah, ga baiwarka ta zo maka. Ka yafe mata zafin bakinta, ka yalwata mata makwanci, ka karɓe ta da irin sauƙin da ta karɓi bayinka a lokacin da ba su san ko su wane ne ba. Mu kuma ka sa mu cika da imani. Amin.